Ma'aunin Ƙwai da Kwamfutar Kawu

Lahadi, 1 ga wata

Zuwa ga Injiniya, 'yar ƙanwata,

Sallama da gaisuwa mai tarin yawa. Ina fata takardar nan ta same ki lafiya a can bayan duwatsu, inda kuka tare kogi kuna tatsar wuta daga jikinsa, amma aka rasa mai kafa muku sandar waya ko guda. Mu nan lafiya lau, gwiwata ce kawai take tuna mini shekaruna kowace safiya. Antinki Malama tana gaishe ki, ta ce ki daina cin abinci a tsaye.

Kakarki jiki da sauƙi, baki ma yana nan daram. Ido ne. Likita ya duba ranar Talata, ya ce ba yana ba ce da za a kankare, jijiyar ce take janyewa, kuma da sauri. Yanzu sai ta kawo abu dab da hanci take ganinsa. Ranar talatin ga wata Babban Kawunki zai zo ya tafi da ita wurinsa, kusa da asibitin ido, za ta shekara. Likitan bai faɗa ba, amma na duba fuskarsa: in ta dawo, da murya za ta riƙa gane mu.

To ga abin da ya sa na ɗauki biro. Kin san Inna ta yi shekara sittin tana kiwon kaji, kin kuma san ra'ayinta game da akwatin ƙyanƙyasata. Duk tsakin da ya fito daga ciki "marayun akwati" take kiran su, ko taɓa su ba ta yi. Amma kwanakin baya muna zaune ta ce, "Ni dai har na tsufa ban ga abin da ake yi a cikin ƙwai ba. Ka ajiye ruwa, a miƙo maka mai rai." Maganar ta tsaya mini. Sai na ɗaure tsohuwar wayata a jikin tiren akwatin, na sa 'yar fitila mara zafi a ƙarƙashin ƙwai ɗaya, wayar tana ɗaukar hoto duk minti uku har kwana ashirin da ɗaya. Hoto dubu goma da tamanin! 'Yar tsakon ma ta fito, baƙa mai farin wuya, ga ta can tana yawo ba ta san ta yi suna ba.

Manhajar da kika sa mini a kwamfuta tana iya haɗa hotunan su zama fim na minti biyar da rabi, ta haska su, ta goge dishi-dishin yadda idon Inna zai kama. Sai dai ta ce awa goma sha ɗaya take so, ba tsayawa. Wutarmu kuwa kin san ta, ma'aikaciyar ofis ce: takwas na safe ta shigo, biyar na yamma ta ɗauki jaka. Awa tara. Sau uku ina gwadawa, sau uku aikin yana mutuwa a kashi tamanin da 'yan kai. Kafin ki buɗe baki: na raba shi biyu, rabi ya fito ja, rabi rawaya, ƙwan ya yi tsalle a tsakiya kamar an tsikare shi. Batirin gida na ƙwai ne, rai ɗari biyu ke kansa. Janaretan maƙwabci kuma ke da bakinki kika ce kar in bar shi ya gaisa da kwamfutar.

Na karanta cewa ana iya zaburar da ƙwaƙwalwar kwamfuta ta yi gudun da ya fi wanda masu ita suka rubuta mata. Wadda kika haɗa mini kin ce ita ce mafi araha a shagon. Ba komai, ni ma ba a same ni da tsada ba. Ki koya mini. Sai-Gobe direba zai kawo miki wannan a motar kayan abincinku.

Kawunki,
Mai-ƙwai

Laraba, 4 ga wata

Kawu,

Na amsa sallama, ina gaida kowa. Sau biyu na karanta takardarka. Na farko na yi kuka, na biyu na jawo kalkuleta. Lafiyata ƙalau, ka gaya wa Anti a zaune nake rubutun nan. Ka riƙe mini hannun Kaka ka ce na gaishe ta.

Kawu, zai yiwu! Ƙwaƙwalwar nan araha ce amma ba a kulle take ba, shi ya sa na zaɓe ta. Yanzu tana gudu a kan 3.2. In muka kai ta 4.0, awa sha ɗayan nan za ta dawo awa takwas da minti arba'in da takwas. Minti goma sha biyu ne za su rage maka kafin wuta ta ɗauki jakarta. Tun ɗazu nake tsalle ni kaɗai a ɗaki.

Ga yadda za ka yi. Ka fara share ƙurar da ke cikin akwatin kwamfutar, musamman ta fanka. Sannan ka kunna, ka yi ta danna maɓallin da na manna wa jan tef, allon saiti zai fito. Za ka ga lambar gudu, 32. Ka mai da ita 33, ka fita, ka sa gwajin wahala na awa ɗaya, yana nan a gefen manhajar fim. In ta jure, ka ƙara ɗaya. Ɗai-ɗai, Kawu, ban ce ka hau bene da tsalle ba.

Za a zo inda allo zai daskare ko ya yi shuɗi. Wannan yunwa ce, gudun ya fi ƙarfin wutar da take sha. A layin ƙasa za ka ga boltej, wato ƙarfin wutar, yanzu 1.20 ne. Ka ƙara mata 0.02, ka sake gwaji.

Dokoki biyu, ka rubuta su a bango. Boltej kar ya wuce 1.35. Zafi kar ya wuce digiri 80. Wuta kaɗan za ka ƙara, zafi ya tashi da yawa, ba tafiya ɗaya suke yi ba. Akwai ma'aunin zafi a kusurwar allo. Duk matakin da ka hau ka rubuto mini lambobi uku: gudu, boltej, zafi.

Ko da yake wa nake koya wa zafi? Mutumin da rabin digiri ke hana shi cin abinci.

'Yarka,
Injiniya

Lahadi, 8 ga wata

Injiniya,

Gaisuwa da fatan alheri. Kowa lafiya. Inna ta amsa, ta ce in tambaye ki ko a cikin duwatsun nan babu wani mai hankali da ya gan ki. Na ce duk masu hankalin suna cikin ruwa suna gyaran injin.

Albishirinki! Mun kai 3.6.

Amma bari in fara da tsafta, don ban ji daɗin abin da na gani ba. Kin ce ƙura. Abin da na tarar a akwatin nan ya isa a shuka gyaɗa. Ni kuma kin san ni, mutumin da yake wanke tiren ƙwai sau biyu ba zai yi shara ta ganin ido ba. Na kwance fankar da ƙarfenta mai haƙarƙari, na bi kowane lungu da buroshi, na goge har da wata ƙazanta mai ruwan toka da ta daskare a ƙasa. Yanzu kina iya duba fuskarki a ciki. Ban ce komai ba game da wadda ta haɗa injin ta bar wannan, jini ɗaya muke.

Na hau ɗai-ɗai kamar yadda kika ce. A 33 da 34 ko tari ba ta yi ba. A 35 allo ya yi shuɗi, ni kuma na yi fari. Malama ta leƙo ta ce, "Ka kashe ta ko?" Na ce yunwa take ji. Ta ce, "Duk abin da ya shigo gidan nan sai ya koyi halinka." Na ba ta 1.22, ta miƙe. A 36 ta sake neman ƙari, na ba ta 1.24.

Ga lambobinki: gudu 3.6, boltej 1.24, zafi 46. Kuma da ma'aunin da na yarda da shi na auna, ba zato ba ne.

Ban taɓa sanin akwai daɗi haka a kallon lamba tana hawa ba. Shekara ashirin ina karanta yadda masu bincike suka ƙure wannan, suka gano wancan, ashe abin da suke ji ke nan. Fankar dai ta koyi surutu, tana kuka kamar za ta tashi sama, amma na ɗauka murna ce.

Inna ba ta san abin da nake shiryawa ba. Ta ce dai tunda na fara hira da akwati na biyu, a fara nema mini magani.

Kawunki,
Mai-ƙwai

Laraba, 11 ga wata

Kawu,

Ina gaisuwa, ina lafiya, a tsaitsaye nake rubutu don Sai-Gobe ya riga ya tada mota, kar a gaya wa Anti.

Arba'in da shida?! Kawu, ka san abin da ka riƙe a hannu kuwa? Su ƙwaƙwalen nan kamar tsakin tire ɗaya ne, tare ake yin su amma wani ya fi wani ƙwari. Akwai wadda take fitowa da baiwa, sai mai sa'a. Na yi zaton za ka ce saba'in. Na nuna wa shugaban sashenmu takardarka, ya ce ko dai a cikin firji kake zaune ko kuma an yi kuskure. Na ce bai san kawuna ba, a kan zafi ba a yi masa gardama.

Da wannan sanyin kana da fili. Ka wuce 37, 38, har 40. In ta nemi wuta ka ba ta, har 1.35 ba fargaba. Kana kaiwa 4.0 ta jure gwaji, washegari ƙarfe takwas daidai ka saki aikin fim.

Na gode da sharar, na ji kunya. Ka ce wa Kaka masu hankalin suna nan, ni ce ban da lokaci.

Ina jiran albishir!
Injiniya

Lahadi, 15 ga wata

Injiniya,

Sallama. Muna lafiya, sai ruwan sama da ya ƙi ɗaukewa tun Juma'a. Inna ta fara haɗa kaya, kullum ta ƙulle ta kwance. Jiya ta gaida tulun ruwa, ta ɗauka Malama ce ta durƙusa. Ta yi dariya, mu ma muka yi, amma tawa ba ta kai ciki ba.

Mun kai 4.0 a kan 1.33, zafi 49. Ranar Asabar na sa riga mai kyau, ƙarfe takwas na saki aikin. Sai manhajar ta yi lissafinta ta ce awa goma sha uku.

Goma sha uku, Injiniya. Na cire tabarau na goge na mayar. Da ba mu taɓa ta ba sha ɗaya ne. Mun ba ta abinci, mun ba ta bulala, ta ƙara nawa. Na taɓa aiki da wani magatakarda mai irin wannan halin, duk ranar da aka ƙara masa girma sai ya ƙara jinkiri.

Ba a nan ta tsaya ba. Bayan awa biyu ta mutu ɗif. Ba daskarewa, ba shuɗi, kawai ta ɗauke kamar an zare waya, alhali ga ƙwan fitila na ci a ɗakin. Na ce to, yunwa ce mai tsanani, na ba ta 1.35. Yau da safe ta yi awa ɗaya da rabi ta sake mutuwa.

Na iso bangon da kika ce kar in tsallaka. Amma ke kika ce ina da fili, kuma zafin ko hamsin bai kai ba. In ƙara? Ki amsa da motar Alhamis.

Kawunki,
Mai-ƙwai

Lahadi, 22 ga wata

Injiniya,

Gaisuwa. Ina fata lafiya, don shirun ya yi yawa. Sai jiya na ga Sai-Gobe a bakin tasha yana shan shayi hankali kwance. Ashe ruwa ya cinye gadar hanyarku, mako guda mota ba ta je ba, takardata tana cikin aljihun motarsa tana hutawa. Ya ce an gyara, gobe zai tafi. Wanda ya raɗa masa sunan nan Allah ya saka masa.

To, na yi laifi, gara ki ji daga bakina. Na jira Alhamis, na jira Juma'a, sannan na tsallaka bangon. Na ba ta 1.38, ta yi minti arba'in. Na ba ta 1.42, ta yi minti ashirin. Kullum na ƙara mata, sai ta ƙara saurin mutuwa. Na duba littattafan da nake da su kaf, babu wanda ya san dabbar da ƙoshi ke sumar da ita. Ɗakin kuma yana wari kamar an manta dutsen guga a kan riga.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne ɗan ma'aunin nan naki na kusurwar allo. Tun ranar da na yi shara ya haukace. Casa'in da biyar, casa'in da tara, ɗari, har da ja yake yi. Na ɗora hannu a kan ƙarfen fankar, ɗumi-ɗumi ne kawai, kamar goshin mai ɗan zazzaɓi. Digiri ɗari ai ruwa ke tafasa, da hannuna ya faɗa mini. Shi ya sa tun farko na ɗauko ma'aunin akwatin ƙwai, na saƙale bakinsa tsakanin haƙarƙarin ƙarfen. Wannan ma'aunin ya fitar da tsaki sama da dubu takwas, bai taɓa yi mini ƙarya ba. Shi ne ya ce 46, shi ne yau yake cewa 51. Naki kuwa na manna masa takarda don ya daina ɗaga mini hankali.

Inna ta shigo jiya tana lalube, ta tsaya ta saurara, ta ce, "Abin nan haki yake yi, irin na kazar da aka ɗaure a rana." Na ce gudu yake yi. Ta ce, "To Allah ya kai shi."

Kwana takwas suka rage. Yau ta kawo fuskarta kusa da tawa ta daɗe tana kallo, ta ce tana ajiyewa ne. Ba ni da lokacin ladabi. In ban ji daga gare ki ba ranar Alhamis, Juma'a da safe zan ba ta 1.50 gaba ɗaya, ko ta yi ko ta bari.

Kawunki,
Mai-ƙwai

Laraba, 25 ga wata

Kawu,

KAR KA KUNNA TA. Gaisuwar tana ƙasa.

Takardunka biyu jiya suka zo tare, na karanta ta biyun a tsaye. 1.50 zai iya kashe ta har abada. Ma'aunin allo ba ya ƙarya. Shi a cikin ƙwaƙwalwar yake, a tsakiyar wutar. Naka yana waje yana auna ƙarfe.

Laifina ne. Na koma takardarka ta takwas ga wata na ga layin da na tsallake don murna. Ƙazantar nan mai ruwan toka da ka goge ba ƙazanta ba ce, Kawu, ni na shafa ta da hannuna. Man zafi ne. Fuskar ƙwaƙwalwa da ta ƙarfen fanka ko sun yi sheƙi ba sa haɗuwa sosai, akwai 'yan ramukan da ido ba ya gani, iska na kwance a ciki, zafi kuma ba ya son ratsa iska. Man shi ke cike ramukan. Da ka goge shi, zafin ya rasa hanyar fita. Ƙarfen ya yi sanyi ne don zafin bai iso gare shi ba, duk yana can ciki yana dafa ta.

Shi ya sa awa sha uku: in ta kusa ɗari, da kanta take rage gudu don ta tsira. In abin ya fi ƙarfinta ta kashe kanta. Daskarewa ko shuɗi, yunwa ce. Mutuwa ɗif, zafi ne. Da na faɗa maka wannan tun farko. Kai kana ta ba mai zazzaɓi bargo, ni ina tafa maka.

A cikin ambulan akwai ɗan sirinji, nawa ne na aiki. Ka goge fuskokin biyu da auduga da sifirit, su bushe. Ka ɗiga man a tsakiya, girman idon ɗan tsako, kar ka shafa. Ka ɗora ƙarfen ka ɗaure kusurwa da kusurwa, kaɗan-kaɗan. Ka mai da komai 32 da 1.20, ka ɓare takardar nan daga allo, ka sake hawa. Ka cire murfin gefe, ka sa mata fankar tebur. Ina zaton ba za ta buƙaci ko 1.30 ba. In ba ta riga ta ji rauni ba. Wannan ban sani ba, sai ka gwada.

Ma'aunin ƙwai kuma ka mayar wa ƙwai.

Na sa Sai-Gobe ya rantse a hannunka zai danƙa, ranar Alhamis, ba gobenta ba. Yanzu ina gaida kowa. Ka gaya wa Kaka gaskiyarta, haki ne.

'Yarka,
Injiniya

Litinin, 30 ga wata

Injiniya, 'yar albarka,

Sallama da gaisuwa. Muna lafiya. Motar Babban Kawunki ta tashi ɗazu, gidan ya yi faɗi. Ki zauna, labarin da tsawo.

Sai-Gobe ya ci amanar sunansa, Alhamis da la'asar ya iso, har da gudu. Na karanta takardar a tsakar gida da ƙarfi, don kunya ta fi sauƙi in an raba ta. Malama ta yi dariya har ta riƙe bango. Dole na tona wa Inna asirin fim ɗin. Ta ce in sake karanta wurin man nan. Da na gama ta ce, "Wannan ne ka kasa ganewa? Kai ba ka taɓa ɗaga kazar da ke kwanci ka duba ƙirjinta ba? Fige gashin take yi, don fata ta taɓa ƙwai. In da gashi a tsakani, ita tana zafi, ƙwai na sanyi." Shekara goma sha biyu ina wannan sana'a, Injiniya, da littattafai kabad guda.

Juma'a na ɗiga idon tsako, na ɗaure, na ɓare takardar, na ba ɗan ma'aunin allo haƙuri. Na kunna ina salati. Ta tashi! A 32, cikin gwajin wahala, zafi 58. Fankar ta daina ihu, ashe ba murna take yi ba. Na hau har 38 kafin wuta ta tafi. Asabar na kai 40. A 1.26 ta daskare, a 1.28 ta tsaya da ƙafafunta. Amma da rana ta take, zafi ya taɓa 83, don ɗakina kwano ne a sama. Muka kwashe ta zuwa ɗakin Malama, muka ajiye a ƙasa kan siminti, ga fankar tebur a gefe. Ta sauko 78 ta zauna. Ga lambobinki na gaskiya: 4.0, 1.28, 78.

Jiya Lahadi, rana ta ƙarshe, na aro babbar talabijin ta mai aski na jona. Ƙarfe takwas yatsana na kan maɓalli. Wuta ba ta zo ba. Takwas da minti ɗaya, da biyu. Sai takwas da minti huɗu gimbiya ta shigo. Manhaja ta ce awa takwas da minti arba'in da takwas, kamar daga bakinki.

Ban ci abinci ba. Malama ta hana kowa kunna ko dutsen guga. Inna ta sa aka kai mata kujera bakin ƙofa, duk bayan ɗan lokaci ta ce, "Nawa?" In ce digiri saba'in da bakwai. Ta ce, "To." Ƙarfe biyu zafi ya kai 80 cif, na jiƙa labule na rataya a taga, ya dawo 79. Ba ya cikin dokokinki, daga sana'ata na ɗauko.

Biyar saura minti bakwai ta gama. Muka rufe labule, muka jawo kujerar Inna har hancinta ya kusa taɓa gilashi.

Da farko ja ne kawai, kamar ka rufe ido a rana. Ta ce, "Ba komai." Sai jijiyoyi suka fara fitowa, suna yaɗuwa kamar saiwa. Ta ɗora yatsa tana bin su. Sai wani ɗigo baƙi ya bayyana, yana girma. Ta ce, "Tsaya, mene ne wannan?" Na ce ido ne, Inna. Ta ce, "Ido ake fara ba shi? Tun ba abin kallo?" Abin ya yi ta juyi, ƙwan ya cika ya yi duhu, ɓawo ya tsage, ga 'yar baƙa ta faɗo a jiƙe. Inna ta ce, "Sannu da zuwa."

Ta ce a maimaita. Na mayar farko. Jijiyoyin sun fito, ɗigon ya fara bayyana ke nan, wuta ta ɗauki jakarta. Na tashi zan jawo batirin ƙwai, wallahi da na jawo. Ta riƙe mini riga ta ce, "Bar musu. Su ma ana ba su nasu idon yanzu. Na gani, na ajiye."

Yau da safe an gama loda kaya, ta ƙi shiga mota. Ta ce a kamo mata mai farin wuyan. Na ce, "Inna, marainiyar akwati ce fa." Ta ce, "Wadda na san ta tun tana ruwa? Kawo ta nan." A cinyarta ta tafi, cikin kwando, Babban Kawunki yana ta kallon kujerun motarsa.

Kwamfutar na mai da ita 32 da 1.20, ta yi abin da aka roƙe ta. Sauran man yana cikin ambulan ɗin nan. Ma'aunin ƙwai ya koma bakin aikinsa, yana cewa talatin da bakwai da rabi, kuma a nan ba mai yi masa gardama.

Kawunki,
Mai-ƙwai